Walt Disney, mai zanen da hajarsa ta yi kwantai

Masu karatu, da wuya a samu gidan da yara ba su san Mickey ba, ɗan ɓeran nan mai manyan kunnuwa. Wanda ya fito da shi, Walt Disney, an haife shi a birnin Chicago na Amurka ran 5 ga Disamba 1901. Yana yaro, asubar fari yake tashi ya raba wa mahaifinsa jaridu a Kansas City.

Kamfaninsa na farko ya karye a 1923. Sai ya tafi Hollywood ya haɗa hannu da yayansa Roy, shi yana zane, Roy yana riƙon kuɗi. A 1928 Mickey ya fito, a 1937 kuma suka yi dogon fim ɗinsu na farko, Snow White. Sun zuba dala kusan miliyan ɗaya da rabi, fim ɗin ya tara wajen miliyan 8.

Ganin kasuwa ta buɗe, Disney ya gina sabon wurin aiki a Burbank, ya kama manyan fina-finai da dama a lokaci guda. Aikin duka da hannu ne: hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, kuma mutane ne ke zanawa suna shafa launi. A Fabrairu 1940 aka fitar da Pinocchio, labarin ɗan tsanar itace da hancinsa ke tsawo duk lokacin da ya yi ƙarya. Ya ci fiye da dala miliyan 2, ya samu lambobin Oscar biyu saboda kiɗa da waƙa, amma ko uwar kuɗi bai mayar ba. An yi hasarar wajen miliyan ɗaya.

Mi ya jawo haka? Babban dalili shi ne yaƙin duniya na biyu, wanda ya ɓarke a Satumba 1939 ya rufe kasuwar Turai, inda kamfanin ke samun kaso mai tsoka na kuɗinsa. Na biyu, an kashe wa fim ɗin abin da masu kallo na Amurka kaɗai ba za su iya biya ba. Fantasia ma, a Nuwamba 1940, ya faɗi, don yana buƙatar na'urorin sauti masu tsada da gidajen sinima kaɗan ne suka iya sakawa. Bashin banki ya kai miliyan huɗu da rabi, dole aka sayar da hannun jari ga jama'a, a 1941 kuma ma'aikata suka shiga yajin aiki.

Abin da ya ba su lumfashi shi ne Dumbo, gajeren fim mai sauƙin kuɗi da ya ci ƙasa da miliyan ɗaya, ya kuma kawo riba a 1941. Pinocchio kuwa sai da aka sake nuna shi daga 1945 ya soma biyan kansa. Cinderella, a 1950, ya tada kamfanin tsaye.

Disney ya rasu ran 15 ga Disamba 1966, da ciwon sankarar huhu, yana da shekara 65. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa saro kaya masu kyau, kan iyaka ta rufe, mai bashi kuma na bakin shago, ya san halin da wannan mutum ya shiga a 1940.