Alfred von Tirpitz: Mutumin da ya ja Jamus cikin yaƙin ƙarƙashin teku

An haifi Alfred von Tirpitz a garin Küstrin a shekarar 1849, ya kuma shiga rundunar sojin ruwan Prussia a 1865. A 1897 Sarki Wilhelm na Biyu ya danƙa masa ragamar ma'aikatar sojin ruwan Jamus, muƙamin da ya riƙe kusan shekaru 19.

Burinsa shi ne ƙera manyan jiragen yaƙi masu yawan da zai sa Birtaniya, wadda ke da ƙarfi mafi girma a teku, ta yi shakkar karawa da Jamus. Dokokin da ya shawo kan majalisa ta zartar a 1898 da 1900 sun samar da kuɗin. Sai dai Birtaniya ba ta tsorata ba. Ta shiga tseren, ta kuma yi masa fintinkau.

Abin mamaki, Tirpitz bai ɗauki jiragen ƙarƙashin teku da muhimmanci ba. Sai a 1906 rundunarsa ta samu na farko.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Birtaniya ta datse hanyoyin ruwan da Jamus ke shigo da abinci da takin zamani da kayan masana'antu. Manyan jiragen da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu suka maƙale a tashoshinsu. A watan Satumban wannan shekara kuwa, ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku guda, U-9, ya nutsar da jiragen yaƙin Birtaniya uku cikin kimanin sa'a ɗaya. Nan take Tirpitz ya zama kan gaba wajen neman a rama wa kura aniyarta: tunda Birtaniya tsibiri ce mai dogaro da abincin waje, a nutsar da jiragen da ke kai mata kaya ba tare da gargaɗi ba.

Jamus ta ayyana ruwan da ke kewaye da Birtaniya a matsayin fagen yaƙi a watan Fabrairun 1915. Ranar 7 ga Mayu aka nutsar da jirgin fasinja na Lusitania, mutane kusan 1,200 suka halaka, 128 daga cikinsu Amurkawa. Shugaban gwamnati Bethmann Hollweg, don gudun fushin Amurka, ya sa aka taƙaita hare-haren. Tirpitz ya fusata, ya yi murabus a watan Maris na 1916.

Duk da haka ra'ayinsa ne ya yi rinjaye. Yunwa ta tsananta a Jamus, hafsoshin ruwa kuma suka yi lissafin cewa Birtaniya za ta durƙusa cikin watanni biyar. Aka koma kai hari ba sani ba sabo ranar 1 ga Fabrairun 1917, Amurka ta shiga yaƙin a watan Afrilu, Birtaniya kuma ta tsira ta hanyar tafiyar da jiragenta cikin ayari da rakiyar soja.

Tirpitz ya zauna a majalisar dokokin Jamus daga 1924 zuwa 1928. Ya mutu kusa da birnin Munich ranar 6 ga Maris, 1930.