Félix Éboué, Gwamnan da Ya Buɗe wa Jiragen Ƙawance Hanyar Kano

Duk sanda hirar Yaƙin Hitila ta taso a majalisarmu ta Zogona, nan Wagadugu, Landan da Balin ake ta kira, biranen da suka sha ruwan bama-bamai. Ni kuwa wanda ke faɗo mini a rai shi ne Félix Éboué, jikan bayi da aka haifa a Kayen ta Guyanar Faransa a 1884.

Da Faransa ta faɗi hannun Jamus a Yunin 1940, Éboué yana gwamnan Chadi. Manyan Turawan Dakar, waɗanda ke juya mu a lokacin (ai tun 1932 aka rushe Haute-Volta, aka liƙa Wagadugu ga Kodebuwa), suka bi gwamnatin Bishi mai ɗasawa da Hitila. Shi kuwa ranar 26 ga Agusta 1940 ya shelanta cewa Chadi ta bi Janar de Gaulle. Akwai lissafi a ciki, don kasuwar Chadi ta dogara ne da Najeriya ta Ingilishi. Amma fa ya sayar da rai: Bishi ta tsige shi, ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, ga 'ya'yansa can Faransa.

Wannan mataki ne ya tsare wa Ingila hanyar Takoradi. A nan ake sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna, a harhaɗa su, su bi Legas, Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa Khartum da Alƙahira. Abin ya tsone wa Jamus ido. Ranar 21 ga Janairu 1942 jirgin Heinkel guda ɗaya tak ya taso daga Libiya, ya jefa bama-bamai a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ya ƙone tarin man jirage. A hanyar komawa nasa man ya ƙare, ya sauka tsakiyar sahara.

Lokacin Éboué ya riga ya koma Brazabil a matsayin Gwamna Janar. Ba zan wanke shi tas ba: a ƙarƙashinsa an ci gaba da aikin tilas don ciyar da yaƙin, ba a soke shi ba sai 1946.

Ya rasu a Alƙahira ranar 17 ga Mayu 1944, saura watanni uku a 'yantar da Paris. A 1949 aka kai gawarsa Panthéon, makwancin manyan Faransa.