William Coblentz: Ma'aikacin Gwamnatin da Ya Gano Shaidar Sinadarai a Cikin Haske

An haifi William Weber Coblentz ranar 20 ga Nuwamba, 1873, a North Lima da ke jihar Ohio ta Amurka. Ɗan manoma ne, kuma aikin gona ya jinkirta karatunsa, har sai da ya haura shekara ashirin kafin ya kammala sakandare. Ya sami digirin digirgir a fannin kimiyyar lissafi da sarrafa makamashi, wato fiziks, a Jami'ar Cornell a 1903.

A Cornell ne ya duƙufa kan hasken infirared, wanda ido ba ya gani amma fata na jin ɗuminsa. Da hannunsa ya harhaɗa na'urar da ke rarraba wannan haske ta cikin gishirin dutse, domin gilashi yana tare mafi yawansa. Yakan ratsa hasken ta cikin sinadari, ya auna abin da sinadarin ya shanye, mataki bayan mataki, yana rubutawa. Sinadari guda kan ci masa sa'o'i. A haka ya auna fiye da ɗari, aka buga sakamakon a 1905.

Abin da ya fito fili shi ne, kowane ƙaramin rukunin atam yana shan hasken a wurinsa na musamman, ko a wane sinadari yake. Haɗin iskar oksijin da haidurojin, irin na barasa, yana sha a kusa da maikuron 3. Haɗin kabon da haidurojin kuwa yana sha a kusa da 3.4. Dalili shi ne atam ɗin da ke haɗe suna karkarwa, kuma kowane haɗi da saurin karkarwarsa. Ke nan hasken na iya tona abin da ke cikin kwalba.

A 1905 ɗin ya kama aiki a Hukumar Ma'aunai ta Ƙasa da ke Washington, inda ya shekara arba'in, har ya yi ritaya a 1945. Masana'antu ba su rungumi bincikensa sosai ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da buƙatar roba da man jirgin sama ta sa aka fara ƙera irin waɗannan na'urori domin sayarwa.

Ya rasu ranar 15 ga Satumba, 1962. A yau, da wannan hanya ɗakunan gwaji ke tantance ko abin da aka rubuta a jikin kwalin magani shi ne a ciki.