Bishop Tugwell da Birnin Kano

An haifi Herbert Tugwell a Ingila a 1854. A 1894 aka naɗa shi bishop na ɗarikar Angalika, mai naɗa limaman coci da tura su wuraren aiki. Babban burinsa shi ne kafa mishan a Kano. Ya iso birnin a 1900 tare da Likita Miller, amma Sarki Alu ya umarce su da su fita, suka koma Girku ta ƙasar Zazzau.

Kano ta gagare shi, sai dai tafiyar ta amfani rubutun Hausa, domin Miller ya zauna Zariya, ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932. Tugwell ya rasu a 1936.