Michael Faraday, Ɗan Maƙerin Da Ya Hango Haske Ta Cikin Zinariya

Yau tarihinmu na wani ɗan ci-rani ne. Uban Michael Faraday maƙeri ne da ya bar ƙauyensu a arewacin Ingila ya gangaro Landan neman abinci. A nan aka haifi Michael ran 22 ga Satumba, 1791, cikin talauci. Bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, shi kuwa duk littafin da ya shiga hannunsa sai ya karance shi. A 1813 wani mashahurin masani, Humphry Davy, ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaje-gwajensa.

Duniya ta fi saninsa da gano yadda ake samun lantarki daga maganaɗisu a 1831, watau asalin janareta. Amma akwai wasu ayyukansa biyu da ba a cika ambata ba.

A 1833 ya lura da wani haɗi na azurfa da farar wuta, wanda in ya yi zafi sai lantarki ya ƙara gudu a cikinsa, alhali ƙarfe in ya yi zafi gudun raguwa yake yi. Irin waɗannan abubuwa masu wannan hali su ne daga baya aka ƙera tiransistar rediyo da su.

Sa'an nan a 1857 ya bayyana bincikensa kan zinariyar da aka buge ta zama falle siriri ƙwarai. Da ya ɗaga ta ga haske, sai ga hasken ya ratso ta kore shar. Ashe abu in ya sirance, halinsa sākewa yake yi.

Faraday ya ƙi karɓar shugabancin babbar ƙungiyar masanan Ingila har sau biyu. Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867.

A 2004 masana biyu a Jami'ar Manchester, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka ɓare baƙin fensir da salatif har suka sami falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, mai suna girafin. Lantarki na gudu a cikinsa da sauri, haske kuma na ratsa shi kusan duka. Hanyar da ɗan maƙeri ya share ce suka bi.

To, mai koyon sana'a a Sabo ko Agege, kada ka raina mafarinka.