Éric Tabarly: Hafsan sojan ruwan Faransa da ya shafe rayuwarsa yana rage nauyin jiragen tsere

Manyan jiragen tseren teku na wannan zamani iska ce kaɗai ke tura su, amma wasunsu na gudun da ya haura kilomita 70 a awa guda. Da zaren kabon ake ƙera su, kuma idan iska ta yi ƙarfi sukan ɗago gangarsu daga ruwa su tsaya a kan wasu siraran fikafikai. A Faransa, idan ana maganar asalin wannan fasaha, sunan da ake fara ambata shi ne na Éric Tabarly, hafsan sojan ruwa da ya rasu a 1998. Yawancin jiragensa da katako da alminiyam aka yi su, amma matsalar da ya yi shekara arba'in yana fama da ita, wato nauyi, ita ce zaren kabon ya zo ya sauƙaƙa.

Jirgin iska ba baƙon abu ba ne a labaran kakannin Hausawan Gadarif, domin alhazan Afirka ta Yamma da dama a irinsa suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Waɗancan an yi su ne don ɗaukar mutane da kaya. Shi kuwa jirgin tsere, kowane kilo kaya ne a wuyansa. Direban da ya taɓa shiga lakar Gadambaliya da damina da mota cike da buhunan dawa ya san yadda lodi ke nutsar da taya. Haka abin yake a teku: gwargwadon nauyin jirgi, gwargwadon yadda yake nitsewa, kuma gwargwadon ruwan da sai ya ture kafin ya ci gaba.

An haifi Tabarly a birnin Nantes ranar 24 ga Yulin 1931. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya sayi wani tsohon jirgi mai suna Pen Duick, wanda William Fife na Sikotland ya zana aka ƙera a 1898. A 1952 jirgin ya dawo hannun Éric, katakonsa duk ya ruɓe. Ya shiga rundunar sojan ruwa, ya zama matuƙin jirgin sama, ya yi aiki a yankin Indochina, yana tara albashinsa don gyaran. Dabarar da ya yi ita ce ya kifa tsohuwar gangar, ya lulluɓe ta da zaren gilashi da danƙon roba har sabuwar ganga ta fito a kanta. An yi aikin a garin La Trinité-sur-Mer daga 1956 zuwa 1958.

Duniya ta san shi a 1964, a gasar tsallaka Tekun Atilantika ta mutum ɗaya, daga Plymouth ta Ingila zuwa Newport ta Amurka. A lokacin, masana na ganin jirgi mai nauyi ne kaɗai zai jure wa wannan teku. Tabarly ya zo da Pen Duick II, mai tsawon mita 13.6, wanda aka ƙera da siraran allunan katako da aka manne. Na'urar da ke riƙe masa akala ta lalace a hanya, abin da ya rage masa barci ƙwarai, duk da haka ya isa a kwana 27, ya riga Francis Chichester na Ingila da kusan kwana uku. Shugaba Charles de Gaulle ya ba shi lambar girma ta Légion d'honneur.

Daga nan ya koma ga alminiyam, ƙarfen da ake tukwane da shi, wanda nauyinsa kusan kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe. A 1967 Pen Duick III ya lashe gasar Fastnet, ya kuma riga kowa isa a tseren Sydney zuwa Hobart a Ostareliya. A 1968 ya ƙera Pen Duick IV mai ganga uku. Amfanin wannan siffa shi ne faɗinsa ke hana shi kifewa, don haka ba ya bukatar dalmar da ake ɗaura wa ƙasan jirgi mai ganga ɗaya. A 1969 ya sa wa Pen Duick V tankuna a gefe biyu, yana cika na ɓangaren da iska ke fitowa da ruwan teku, ya zubar idan bukata ta wuce. Da shi ya tsallaka Tekun Fasifik daga San Francisco zuwa Tokyo a kwana 39. Har yau jiragen zagaya duniya na amfani da wannan dabara.

Ba kullum abin ya yi masa kyau ba. Pen Duick IV ya yi karo da wani jirgin kaya ya fice daga gasar 1968, daga baya Tabarly ya sayar da shi ga almajirinsa Alain Colas, wanda ya ci gasar 1972 da shi. A tseren zagaya duniya na Whitbread na 1973 zuwa 1974, jigon da ke riƙe ƙyallen iska na Pen Duick VI ya karye har sau biyu. Sai dai a 1976 ya tuƙa wannan jirgi mai mita 22, wanda aka yi don mutum 14, shi kaɗai, ya sake lashe gasar Atilantika a kwana 23.

Babban burinsa shi ne jirgin da zai fita daga ruwa gaba ɗaya. Tare da Alain de Bergh, injiniya a kamfanin jiragen sama na Dassault, ya tsara jirgi mai fikafikai a ƙarƙashi, waɗanda ke ɗaga shi kamar yadda fiffiken jirgin sama ke yi a iska. Sakamakon shi ne Paul Ricard na 1979. Alminiyam ya yi masa nauyi, bai iya tashi ba, fikafikan sun rage masa nitsewa ne kawai. Duk da haka a 1980 ya taso daga New York ya isa gaɓar Ingila a kwana 10 da awa 5, ya karya tarihin kwana 12 da awa 4 da Charlie Barr ya kafa tun 1905.

Abin da ya rasa shi ne zaren kabon. Zare ne da bai kai kaurin gashin kai ba, ana saƙa shi kamar yadi, a jiƙa da danƙo, a gasa har ya sandare. Ya fi alminiyam rashin nauyi da kusan kashi 40 cikin 100, ga tauri, kuma mai ƙira na iya jera zaren ta inda matsi zai fi yawa. Illarsa tsada, sannan idan ya kai maƙura ba ya lanƙwasa, karyewa yake farat ɗaya. Da shi da ƙarfen titaniyam Alain Thébault, wanda Tabarly ya mara wa baya, ya ƙera l'Hydroptère, aka sa shi a ruwa a 1994, ya kuma tashi. A 1997, yana da shekara 66, Tabarly da Yves Parlier suka lashe gasar Jacques Vabre a rukunin jirage masu ganga ɗaya.

A daren 12 zuwa 13 ga Yunin 1998, yana kan hanyar Sikotland a tsohon Pen Duick, wanda ya cika shekara 100 a waccan shekarar, don halartar taron jiragen Fife. Yana rage ƙyalle cikin iska mai ƙarfi a kusa da gaɓar Wales sai sandar ƙyallen ta buge shi ya faɗa teku, ba ya ɗaure da igiyar tsaro. Bayan kimanin mako biyar masunta suka tsinci gawarsa.

A Satumbar 2009 l'Hydroptère ya yi gudun kusan kilomita 95 a awa a kan tazarar mita 500. A shekarar kuma jirgin kabon mai ganga uku Banque Populaire V ya tsallaka Atilantika a kwana 3 da awa 15. A birnin Lorient akwai cibiyar baje kolin fasahar jiragen iska mai ɗauke da sunan Tabarly tun 2008, kuma 'yarsa Marie ta ja ragamar Pen Duick VI ta riga kowa kammala tseren zagaya duniya na Ocean Globe Race a 2024.