Likita Mila, Mutumin da Ya Koyi Sauraron Lokacin Ubangiji

Ya kai ɗan'uwa da ka shiga hanyar Almasihu kwanan nan, da kai kuma da ka ke tambaya ba ka riga ka shiga ba, ga watan Disamba ya kama, watan da ba ya barin kowa ya zauna a ƙasar Kura da Bunkure. An gama yankan shinkafa, ana shukar alkama tun sanyin hunturu bai wuce ba, ana dashen tumatir da albasa, kowa yana tsaron ranar da ruwa za ya iso gonarsa. Bisa wannan kuma ga Kirsimati tana matsowa, da ɗinki, da cefane, da tafiya gida, da baƙi. Amma tun zamanin dā Ikilisiya ta keɓe Lahadi huɗu da ke gaban Kirsimati domin masu bi su koyi jira, su tuna da yadda mutanen Allah suka daɗe suna sauraron zuwan Mai Ceto. Domin ka gane irin wannan jira, za mu ba ka labarin wani bawan Allah wanda haƙuri ba halinsa ba ne tun asali, amma Ubangiji ya koya masa shi cikin ƙasarmu.

Asalinsa da shirinsa

Sunansa Walter Miller, Hausawa kuwa suna ce da shi Likita Mila. An haife shi a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin Bartalamawas Mai Tsarki a birnin Landan, tun yana saurayi kuwa zuciyarsa ta kwanta ga ƙasar Hausa. Ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta Ikilisiyar Ingila wadda a ke kira C.M.S. Amma a lokacin nan hanyar ƙasar Hausa ba ta buɗe ga irinsa ba. Saboda haka aka aike shi Tarabulus, bakin Bahar Rum, inda fatake da mahajjata Hausawa su kan sauka bayan sun ƙetare Sahara, domin ya koyi harshe a bakinsu. A can ya gamu da wani yaro Bahaushe, Abdul Majid, wanda daga baya ya zama mataimakinsa. Wannan shi ne jiransa na fari: likita ne gwani, ga shi zaune kamar ɗan makaranta, yana tambayar sunan kowane abu.

Gaggawar zuwa Kano

A farkon shekara ta 1900 su biyar suka tashi daga Ikko, shugabansu Bishop Tugwell, nufinsu birnin Kano. A ran 1 ga Janairu na shekaran nan ne Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, sarakunan Arewa duka suna zaune da zullumi a kan abin da Nasara su ke nufi. Gwamnati ba ta so tafiyan nan ba, amma zuciyar matafiyan tana cin wuta. Suka yi tafiyar watanni, suka iso Zazzau, Sarki Kwasau ya karɓe su da alheri. Daga nan suka kama hanyar arewa, suka ratsa kudancin ƙasar Kano, suka shiga birni cikin watan Afrilu.

Sarkin Kano Alu bai ji daɗin zuwansu ba. Ba shi ya kira su ba, ba su kuma jira izininsa ba, ga shi kuwa mutanen ƙasarsu suna shirin cin ƙasarsa da yaƙi. Ya umarce su su fita cikin 'yan kwanaki. Suka juya da baƙin ciki, suka sauka a Girku, wani ƙaramin gari kudu da Zariya. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya kwanta ciwo ya rasu. Wani kuma ciwo ya mai da shi Ingila. Daga baya wuta ta cinye masaukinsu, gwamnati kuma ta ce su janye zuwa kudu. Ka duba fa: niyyarsu mai kyau ce, amma sun ƙwanƙwasa ƙofa tun mai gida bai shirya ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ƙofar Kano da suka so su buɗe cikin wata huɗu ta rufu gare su shekaru masu yawa.

Zamansa a Zariya

Likita Mila bai koma gida ya manta ba. Ya sāke komowa, a shekara ta 1905 kuwa aka yarda masa ya zauna cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Tsakanin Zariya da Kano tafiyar 'yan kwanaki ce a ƙasa, Turawa kuma sun riga sun ci Kano tun 1903, amma gwamnatinsu ta hana masu bishara aiki a fili cikin biranen Musulmi. Ko a Zariya ma an iyakance masa wa'azi. Shi kuwa mutum ne mai zafin zuciya da kaifin alkalami. Ya sha jayayya da Razdan da manyan gwamnati, wani lokaci har da abokan aikinsa. Ba mu ɓoye wannan ba, domin ka sani haƙuri ba gadon wasu mutane kaɗai ba ne. Abu ne da Ruhu Mai Tsarki ya ke haifarwa a hankali, har cikin mai garaje.

Me ya yi cikin shekarun nan da aka hana shi abin da ya fi so? Ya yi abin da ke gabansa. Ya buɗe ɗakin magani, yana wanke gyambo, yana duba masu zazzaɓi. Ya tara yara kaɗan a gidansa, yana koya musu karatu da lissafi da tsoron Allah. Ya kuma zauna da malamai, suna juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aya bayan aya, suna auna kowace kalma. Shekara ta bi shekara, waɗanda suka karɓi baftisma kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Mai kallo daga waje sai ya ce likita ya ɓata ƙuruciyarsa a banza.

Waɗansu masu jira

Ashe akwai waɗanda suka riga shi jira, bai kuwa san da su ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi an yi wani malami a birnin Kano, Malam Ibrahim, wanda ya yi ta nazarin abin da aka faɗa game da Annabi Isa, har ya ɗaukaka shi ƙwarai cikin koyarwarsa. Saboda wannan aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekara ta 1867. Almajiransa, waɗanda a ke kira Isawa, suka warwatsu zuwa wajen Ningi da gabashin Zazzau, suna riƙe da begen cewa wata rana waɗansu za su zo su ƙara bayyana musu labarin Isa. Iyaye suka mutu, 'ya'ya suka gāji begen.

A shekara ta 1913, fiye da shekara 40 bayan mutuwar malaminsu, waɗansu daga cikinsu suka zo Zariya suka sami Likita Mila. Ka lura da wannan: da ya gaji ya tafi bayan shekara biyar ko bakwai, da sun zo sun tarar da kango. Zamansa wuri ɗaya shi ne ya sa masu nema suka same shi. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da makaranta da ɗakin sujada, da yawa kuma suka karɓi baftisma.

Amma ba a gama gwada shi ba. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa Gimi, ya kashe mutane da yawa, har aka bar garin. Girbin da ya yi shekaru yana jira ya lalace a gaban idonsa. Duk da haka ya tattara yaran da suka ragu, aka ci gaba da renonsu a makarantar Zariya. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Ishaya Audu, likita, ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Daga hannun Likita Mila kuma Barau Dikko ya fito, likita na fari cikin 'yan Arewa. Iri da aka zuba da hawaye bai ɓace ba.

Cikar lokaci

A shekara ta 1929 aka fitar da mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da jar ƙasa, ginin Hausa. A wajen lokacin nan ne Likita Mila ya koma Kano da zama domin ya ƙarasa aikin fassara. Birnin da aka kore shi yana saurayi, bayan kusan shekara 30 ya zauna a gefensa da furfura, ba da hayaniya ba. A shekara ta 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da ya yi tare da malamai Hausawa da ma'aikatan waɗansu ƙungiyoyin mishan. Littafin ya shiga garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, ya kuma zama littafin sujada na kabilu masu yawa a Arewa. Bayan ya ajiye aiki ya tafi Ingila, amma ya sāke komowa Nijeriya, ya rasu a Bukuru kusa da Jos cikin 1952, yana da shekara 80. Babban taron tuba da ya yi bege a birnin Kano bai gan shi da idonsa ba. Abin da aka ba shi ya yi, shi ya yi, sauran kuwa ya bar wa Mai gona.

Abin da za ka koya

Na fari, jiran mai bi ba zaman banza ba ne. Manzo Yaƙub, cikin sura ta 5 ta wasiƙarsa, ya kafa mana misali da manomi mai sauraron amfanin ƙasa. Kai ka fi kowa sanin wannan. Alkamar da ka shuka a hunturu ba za ka yanke ta ba sai wajen Maris. Ko ka kwana a gona kana kallonta, ba za ta nuna kafin kwananta ba. Amma ba ka naɗe hannu: kana ban ruwa, kana cire ciyawa, kana zuba taki. Haka kuma za ka yi da ranka. Idan kana ajin baftisma, kada ka ƙosa don ba a yi maka ita a wannan Kirsimati ba. Ka ci gaba da zuwa, ka koyi karatu, ka bar halinka ya nuna.

Na biyu, mai jira ba ya ƙwace abin da ba a ba shi ba tukuna. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa yana gangarowa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, kowane yanki da ranarsa. Ka san abin da kan faru idan wani ya tashi da dare ya toshe hanyar maƙwabcinsa ya karkato ruwa gonarsa: shukar wani ta bushe, zumuncin shekaru ya lalace. Mai bin Yesu ya jira layinsa, ko da ganyen tumatirinsa ya fara yaushi. Idan an zalunce shi, ya kai ƙara ga shugabannin manoma da ladabi. Wannan wa'azi ne da maƙwabcinka za ya ji, ko da bai taɓa shiga majami'a ba.

Na uku, kada hidimar biki ta sa ka ci gobe tun yau. Mutane da yawa su kan ci bashi da ruwa, ko su sayar da shinkafar da iyali za su ci har damina, ko su karɓi kuɗin tumatir tun yana fure a kan rabin farashinsa, domin tufa da nama na kwana ɗaya. Wanda mu ke murnar haihuwarsa an kwantar da shi cikin komin dabbobi. Tsohuwar riga wankakkiya ba ta rage maka kome a gabansa. Ka yi biki gwargwadon abin da ke hannunka, ka kuma tuna da gwauruwa da maraya.

Na huɗu, ka yi haƙuri da danginka. Watakila tun da ka tuba mahaifinka ba ya amsa gaisuwarka, ko 'yan'uwanka sun daina cin abinci tare da kai. Kada ka tilasta musu da gardama, gama ƙofar da aka tura da ƙarfi ta kan ƙara rufuwa, kamar yadda ya faru a Kano a 1900. Ka gaishe su kullum, ka taya su aikin gona, ka kai musu tuwon biki, ka yi musu addu'a da sunansu. Ka zauna inda za su same ka ran da za su nema.

Na biyar, ka keɓe wa Ubangiji lokaci kowace rana. Da asuba, kafin ka ɗauki fartanya, ka zauna shiru kaɗan, ka karanta, ko a karanta maka, sura ta 1 da ta 2 ta Bisharar Luka, kashi kashi har ranar Kirsimati. A ciki za ka ga Saminu, wanda aka yi wa alkawari ba za ya mutu ba sai ya ga Almasihu, da Hannatu tsohuwa wadda ba ta rabuwa da Haikali. Urushalima cike ta ke da masu saye da sayarwa a ranar da aka kawo jaririn, amma waɗannan biyu da suka saba da jira su ne suka gane shi.

To, ɗan'uwa, ka tambayi zuciyarka cikin makonnin nan: mene ne na ke ƙoƙarin fizgewa daga hannun Allah tun lokacinsa bai yi ba? Wane aiki ne kuma ke gabana yau wanda na ƙyale domin idona yana kan gobe? Ubangiji wanda ya cika alkawarinsa a Baitalami, wanda kuma za ya sāke zuwa, ya ba mu zuciya mai haƙuri da hannu mai aiki, har ran da za mu gan shi. Amin.